Abin da ke kwantar da yaran Tailan daban, abin da ke kashe su daban

Tambaya: Ni ɗaliba ce a fannin kiwon lafiyar al'umma, kuma an ba mu aikin nazarin wata ƙasa mai matsakaicin arziki wadda ta yi nasarar rage mutuwar yara. Na zaɓi Tailan. Ina son a yi mini bayanin cututtuka da raunukan da suka fi damun yaran ƙasar a yau, da yadda suke ƙarewa.

Amsa: Malama, zaɓinki ya yi ma'ana, domin yawancinmu ba mu san Tailan ba sai ta buhun shinkafa, alhali a fagen kiwon lafiyar yara tana cikin ƙasashen da masana suka fi komawa gare su. Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne, tambayarki tana da amsa biyu, kuma ba su yi kama da juna ba. Idan kika buɗe rajistar asibitoci kika tambayi abin da ke kwantar da yara, za ki tarar da ciwon huhu, da gudawa, da zazzaɓin dengi, kuma kusan dukkan waɗanda aka kwantar suna komawa gida da ƙafarsu. Idan kuwa kika bi gida-gida kika tambayi iyaye abin da ya raba su da ɗansu bayan ya wuce shekara ɗaya, amsar da za ki fi ji ita ce ruwa ne ya ci shi, ko babur ne ya kayar da shi. Ɗalibin da ya tsaya a kan rajistar asibiti kaɗai zai rubuta labarin ƙasar da rabi.

Kafin a kai ga wannan, sai an san inda aka fito. A wajen 1960, daga cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Tailan, sama da 140 ba sa kai shekara biyar. A 1990 adadin ya sauko zuwa kimanin 37, kuma a 'yan shekarun nan yana ƙasa da 10. Ba manyan asibitocin Bankok ne suka yi wannan aiki ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta karkatar da kuɗin gini daga birane zuwa karkara, har ta kai kowace gunduma tana da asibitinta, kowace ƙaramar mazaɓa tana da cibiyar lafiya, tun kafin nan ma an wajabta wa sababbin likitoci yin aiki a hukumar lafiya ta gwamnati na wasu shekaru, mafi yawansu a ƙauyuka. A daidai wannan lokaci aka kafa tsarin 'yan sa-kai na lafiya a ƙauyuka, waɗanda yanzu sun haura miliyan ɗaya, akasarinsu mata, kowace tana kula da gidaje goma zuwa goma sha biyar na maƙwabtanta. Ita ce ta san mai ciki, ita ce ta san yaron da bai karɓi allurarsa ba, ita ce kuma take ɗora yara a sikeli. Shirin rigakafi na ƙasa ya fara a 1977, kuma an ga mutum na ƙarshe da ya kamu da ƙwayar shan inna ta daji a 1997. Tamowa, wadda a farkon shekarun 1980 ta shafi kusan rabin yaran da ba su shiga makaranta ba, ta ragu ƙwarai cikin shekara goma. Daga baya, a 2001 zuwa 2002, gwamnatin Firaminista Thaksin Shinawatra ta ƙaddamar da tsarin inshorar lafiya na bai-ɗaya wanda aka fi sani da shirin baht 30, wato kuɗin da bai kai dala ɗaya ba a duk zuwa asibiti, bisa tsarin da likitoci irin su Sanguan Nitayarumphong suka daɗe suna fafutuka a kai. Masana tattalin arziki da suka bi alƙaluman sun nuna cewa kafin shirin, lardunan talakawa sun fi na masu hali yawan mutuwar jarirai a fili, bayan shirin kuwa wannan tazara ta kusa ɓacewa.

Nasarori biyu sun cancanci a ambace su da suna. An shigar da allurar ciwon hanta nau'in B cikin rigakafin jarirai a duk faɗin ƙasar a 1992, kuma yaran da aka haifa bayan nan, masu ɗauke da ƙwayar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Sai batun ƙanjamau: a Bankok aka yi gwajin da ya nuna a 1998 cewa ba wa mai ciki maganin AZT na 'yan makonni kafin haihuwa yana rage yaɗa cutar ga jariri da kusan rabi, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Tailan a matsayin ƙasa ta farko a Asiya da ta kawar da yaɗuwar ƙanjamau da tunjere daga uwa zuwa ɗa, bayan adadin ya sauko ƙasa da kashi biyu cikin ɗari.

Da cututtukan da allura ke karewa suka ja baya, sai mutuwar ƙananan yara ta tattaru a watan farko na rayuwa. Fiye da rabin yaran da ke rasuwa kafin shekara biyar a yau, a kwanaki 28 na farko suke rasuwa, kuma sanadin shi ne haihuwar bakwaini, da rashin nauyi, da matsalar numfashi lokacin haihuwa, da nakasar da aka haifi yaro da ita, musamman ta zuciya. A nan ne ya kamata ki san talasimiya, cutar jini ta gado wadda matsayinta a Tailan ya yi kama da na sikila a wurinmu, duk da cewa ba cuta ɗaya ba ce. A sikila siffar ƙwayar jini ce ke lanƙwashewa, a talasimiya kuwa jiki ne ke kasa ƙera sinadarin jan jini yadda ya kamata, sai yaro ya tashi da ƙarancin jini, da kumburin saifa, da rashin girma, wasu kuma su rayu a kan ƙarin jini duk 'yan makonni tare da maganin fitar da sinadarin ƙarfe da ke taruwa a jiki saboda yawan ƙarin. Kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na 'yan ƙasar suna ɗauke da irin cutar ba tare da ta nuna a jikinsu ba, kuma a arewa maso gabas, kusa da iyakar Laos da Kambodiya, wani nau'inta mai suna himogulobin E yana kai rabin jama'a a wasu wurare. Nau'i mafi muni yana kashe jariri tun a ciki ko jim kaɗan bayan haihuwa, kuma yana jefa uwar ma cikin haɗari. Saboda haka ne gwajin jinin mai ciki, da na mijinta idan nata ya nuna alama, ya zama ɓangare na awon ciki a asibitocin gwamnati.

Rajistar asibiti kuwa ba ta da wani abin mamaki a samanta. Cututtukan hanyar numfashi ne kan gaba wajen kwantar da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, gudawa na bi musu. Cututtukan numfashin suna bin damina, wadda ke farawa a wajen Mayu ta kai Oktoba, kuma ta zo daidai da buɗe makarantu. Ƙwayar RSV, mai toshe ƙananan hanyoyin iska na jarirai, tana cika ɗakunan yara daga tsakiyar damina zuwa ƙarshenta. Cutar ƙurajen hannu da ƙafa da baki tana yaɗuwa a gidajen renon yara har a rufe aji na kwanaki. Yawanci tana warkewa da kanta cikin mako guda, sai dai nau'in ƙwayar da ake kira EV71 wani lokaci yana hawa ƙwaƙwalwa ya yi kisa cikin gaggawa. An ƙara allurar rota mai kare gudawa cikin shirin ƙasa a 2020. Wani sabon nauyi a kan huhun yara shi ne hayaƙi: daga Fabrairu zuwa Afrilu ƙona gonaki da dazuzzuka yana lulluɓe Chiang Mai da sauran arewacin ƙasar, kuma a Janairun 2019 sai da aka rufe makarantu sama da 400 a Bankok saboda gurɓatar iska.

Dengi ya fi ƙarfin a wuce shi da jimla ɗaya, domin yawancin abin da duniya ta sani game da jinyar mummunan nau'insa, a gadajen yaran Bankok aka koye shi. Annobar farko ta ɓarke a birnin a 1958, ta kama mutum sama da 2,000, ta kashe kusan 300, wato kusan kashi 14 cikin ɗari, kuma kusan dukkansu yara ne. Mafi girma ta zo a 1987, inda aka ƙirga mutum sama da 174,000 da mace-mace kimanin 1,000. Har yau akwai shekarun da adadin ke haura 150,000, irin su 2013 da 2023, amma masu mutuwa ba su wuce kimanin ɗaya cikin dubu ba. Abin lura shi ne, har yanzu babu maganin da ke kashe ƙwayar. Abin da ya canza shi ne fahimtar yadda cutar ke kisa, kuma sunan da aka fi dangantawa da wannan shi ne Dakta Suchitra Nimmannitya ta Asibitin Yara na Bankok. Yaro zai yi zazzaɓi mai zafi na kwana uku zuwa biyar, sai zazzaɓin ya sauka, uwa ta yi hamdala ta ɗauka an samu sauƙi. A daidai wannan lokaci ne haɗarin ke farawa, domin ruwan jini yana tsiyayewa daga ƙananan jijiyoyi zuwa cikin ciki da ƙirji, jinin ya yi kauri, hannu da ƙafa su yi sanyi, yaron ya riƙa kukan ciwon ciki yana ƙin abinci, fitsari ya ragu. Wannan yanayi yana ɗaukar awa 24 zuwa 48 ne kawai. Aikin ma'aikaciyar jinya a cikinsa shi ne ta riƙa tsaga yatsan yaron duk 'yan awanni tana auna kaurin jini, tana duba bugun jijiya da yawan fitsari, tana ƙara gudun ruwan da ake ɗaura masa ko tana ragewa. Idan ruwan ya yi kaɗan jini ya kasa zagayawa, idan ya yi yawa kuma, sa'ad da jijiyoyin suka daina yoyo, ruwan ya koma huhu ya shaƙe yaron. Wannan awo na hankali, ba wata na'ura mai tsada ba, shi ya sauko da mutuwa daga goma sha huɗu cikin ɗari zuwa ɗaya cikin dubu.

Akwai abu biyu game da dengi da mai nazarin yaɗuwar cututtuka zai so ya sani. Ƙwayar nau'i huɗu ce, kuma kamuwa ta biyu da wani nau'i daban ita ta fi kai yaro ga mummunan hali, bayanin da masani Ba'amurke Scott Halstead ya gina a kan binciken da ya yi a Bankok a shekarun 1960. Na biyu, cutar tana ƙaura daga ƙananan yara zuwa matasa da manya, kuma babban dalilin shi ne raguwar haihuwa, wadda ta sa mutum yana daɗewa kafin ya gamu da kamuwarsa ta farko da ta biyu. Sauron da ke ɗauke da ita da rana yake cizo, kuma a ruwa mai tsabta yake ƙwai, musamman a manyan randunan da gidajen karkara ke tara ruwan sama. Shi ya sa gidan sauro na dare ba ya wadatarwa, sai 'yan sa-kai sun bi gida-gida suna leƙa randa suna zuba yashin maganin da ke kashe tsutsar sauro.

Waɗannan randuna su za su kai mu ga ɗaya amsar. Tailan tana da tsarin sa ido kan cututtuka mai ƙarfi, kuma ita ce ta fara buɗe shirin horar da masu bin diddigin annoba a fili a wajen Arewacin Amurka, a 1980. Amma tsarin da aka gina don kama annoba yana ganin wanda ya zo asibiti ne. Wani babban bincike da aka yi a kan mace-macen 2005 ya nuna cewa kusan biyu cikin uku na mutuwa a ƙasar a wajen asibiti suke faruwa, inda wanda ba likita ba ne ke rubuta sanadi, kuma sama da kashi ɗaya cikin uku na takardun mutuwa ba su ɗauke da wani sanadi bayyananne. Yaron da ya nutse ba ya kwanciya a gado, ba ya shiga lissafin jinya, sau da yawa ma ba a kai shi asibiti ba. Da aka yi binciken gida-gida na ƙasa a 2003 zuwa 2004, tare da hannun UNICEF da Jami'ar Chulalongkorn, aka shiga gidaje kimanin 100,000, sai ƙiyasin ya nuna yara sama da 2,500 'yan shekara 1 zuwa 17 suna nutsewa a kowace shekara. Alƙaluman Ma'aikatar Lafiya na wancan lokaci, waɗanda suka tsaya a ƙasa da shekara 15, suna nuna kimanin 1,500, wato yara huɗu a kowace rana. Ko da wanne aka ɗauka, nutsewa ce ta ɗaya wajen kashe yara 'yan ƙasa da shekara 15 idan aka cire jarirai, kuma ta ninka dengi sau da yawa, duk da cewa dengi ne ke cika jaridu.

Nutsewar tana da tsari, kuma tsarin yana bin shekaru. Ɗan shekara ɗaya ko biyu a cikin gida yake mutuwa, a bokitin wanki, ko baho, ko randar da aka bari a buɗe, domin kansa yana da nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, idan ya leƙa ya kifa ba ya iya ɗagowa, kuma ruwan da bai wuce taƙi ɗaya ba ya isa. 'Yan shekara biyar zuwa tara kuwa, waɗanda su ne suka fi yawa a lissafin, a waje suke mutuwa, a kududdufin da aka haƙa don ban ruwan gona ko kiwon kifi, da magudanan ban ruwa, da koguna. Maza sun ninka mata kusan sau biyu. Lokacin da abin ya fi ƙamari shi ne Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ya kai maƙura kuma makarantu suna dogon hutu, sannan yankin Isan na arewa maso gabas, mafi talauci a ƙasar, shi ke ɗauke da kaso mai yawa. Ki kwatanta yammacin wata rana a Afrilu a ƙauyen Isan. Iyayen yaran suna Bankok suna aikin gini ko masana'anta, kaka ce ke riƙe da jikoki uku, ƙaramin yana bayanta. Manyan biyu sun fita da abokansu zuwa kududdufin bayan gona, wanda injin haƙa ya yi wa gefe a tsaye, laka kuma ta sa shi santsi. Ɗaya ya zame ya faɗa inda ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Ba ya ihu, domin mai nutsewa ba ya da numfashin ihu. Kansa yana fitowa yana komawa cikin shiru. Ɗan'uwansa ya yi tsalle don ya cece shi, wanda ke nutsewa ya riƙe shi gam, su tafi tare. Wannan ne ya sa rahotannin nutsewa a Tailan sau da yawa suke zuwa da gawa biyu ko uku daga gida ɗaya. Batun kakar ba ƙaramin abu ba ne a lissafin, domin binciken gidaje ya nuna fiye da ɗaya cikin kowane yara biyar a ƙasar ba sa zaune da ko ɗaya daga cikin iyayensu, kuma a Isan adadin ya fi haka.

Bayan an ciro yaron ma akwai wata asara. Al'adar da ta yaɗu a can ita ce a saɓa shi a kafaɗa, kai a ƙasa, a yi ta gudu da shi wai don ruwan ya fita. Ruwan da ke fita daga ciki yake, ba daga huhu ba, kuma minti huɗu zuwa shida da ƙwaƙwalwa ke iya jure rashin iska suna ƙarewa a wannan gudu. Abin da ke ceton rai shi ne a kwantar da shi a hura masa iska a baki a danna ƙirji nan take. Wanda aka farfaɗo da shi a makare yakan rayu da lalacewar ƙwaƙwalwa ta dindindin, kuma wannan sakamako ne da ba ya bayyana a alƙaluman mutuwa. Dakta Adisak Plitponkarnpim, likitan yara na Asibitin Ramathibodi, yana cikin waɗanda suka shafe shekaru suna jan hankalin ƙasar a kan waɗannan abubuwa.

A ganina, martanin da Tailan ta mayar shi ne ɓangaren da ya fi amfani ga aikinki, domin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Sashen Yaƙi da Cututtuka ya ɗauki nutsewa a matsayin cuta mai sanadi da rigakafi, ba ƙaddarar da ba a iya yi wa komai ba. Ga masu ƙananan yara saƙon huɗu ne: a zubar da ruwa, a yi wa yaro shinge, a rufe randa, a sa masa ido. Ga 'yan makaranta an ƙirƙiro darasin iyo na tsira da rai, wanda manufarsa ba gudu a ruwa ba ce, a'a yaro ya iya kwanciya rigingine ya yi lamo a saman ruwa, ko ya rungumi jarka ko gorar roba marar komai har taimako ya zo. Ana kuma koya musu kalmomi uku na ceto, wato yi ihu, jefa, miƙa: ka kira manya, ka jefa abin da ke yawo a ruwa, ka miƙa sanda, kada ka shiga. Tun 2015 ake kafa ƙungiyoyin al'umma da ake kira masu aikata alheri, waɗanda ke zagaye kududdufai da shinge, suna kafa allon gargaɗi, suna rataye jarka da igiya da doguwar gora a bakin ruwa. Adadin ya sauko zuwa kimanin 600 zuwa 700 a shekara. Duk da haka yara biyu ne a kowace rana. A 2018 duniya ta zuba ido kwana 18 a kan yara 12 da kocinsu da ruwa ya tsare a kogon Tham Luang, aka fito da su duka da rai. Bisa wannan lissafi, a cikin waɗannan kwanaki yara sama da talatin ne ruwa ya ci a kududdufai da koguna ba tare da kowa ya ji sunansu ba.

Da yaro ya doshi shekara goma zuwa sama, sai titi ya karɓi aikin daga hannun ruwa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya sa Tailan ta biyu a duniya wajen mutuwa a kan hanya, da mutum 36 cikin kowane 100,000, kuma ko da adadin ya sauko zuwa kimanin 25 a rahoton 2023, har yanzu yana cikin mafi muni a Asiya. Kusan uku cikin huɗu na mamatan masu babur ne. Doka ta ce sai ɗan shekara 15 zai samu lasin ƙaramin babur, amma a karkara inda makaranta ke da nisa kuma babu motar haya, ɗan shekara 12 yana tuƙa kansa da ƙannensa. Binciken bakin titi ya taɓa nuna cewa kashi bakwai cikin ɗari ne kawai na yaran da ake goyawa a babur ke sanye da hular kwano, har wani kamfen ya ɗauki wannan adadi ya zama sunansa. Raunin kai ne ke kisa, kuma shi ne ke barin waɗanda suka tsira da farfaɗiya, ko shanyewar jiki, ko raunin tunani da ke raba su da makaranta. A 2022 aka yi dokar da ta wajabta kujerar kariya a mota ga yara 'yan ƙasa da shekara shida, doka mai kyau, sai dai ba ta taɓa iyalin da abin hawansu babur ne ba. Gobarar motar makaranta ta ranar 1 ga Oktoban 2024 a Pathum Thani, wadda ta kashe ɗalibai 20 da malamai uku, ta nuna cewa rubuta doka da duba abin hawa ba abu ɗaya ba ne. A gefe guda akwai damben gargajiya na ƙasar, wanda yara ƙanana ke yi don kuɗi, inda hoton ƙwaƙwalwar da likitocin Ramathibodi suka ɗauka ya nuna illar bugun kai, kuma mutuwar wani ɗan dambe mai shekara 13 a 2018 ta tayar da muhawara a kan ƙayyade shekaru.

Kada matsakaicin adadi na ƙasa ya rufe miki ido a kan gefunan taswira. Larduna uku na ƙarshen kudu, Pattani da Yala da Narathiwat, inda akasarin jama'a Musulmi ne 'yan ƙabilar Malay kuma rikici ya ci gaba tun 2004, su ne suka fi ƙarancin rigakafi kuma suna cikin waɗanda suka fi yawan tsumburewa. A can ƙyanda ta ɓarke a 2018 ta kashe yara, akasarinsu waɗanda ba a yi wa allura ba, kuma tarin shiƙa ya biyo baya a ƙarshen 2023. Shakku a kan halaccin allurar yana cikin dalilai, har ofishin shugaban Musulmin ƙasar ya fito ya bayyana cewa babu laifi a cikinta, amma rashin yarda da hukuma, da bambancin harshe tsakanin ma'aikaci da uwa, da tsoron zazzaɓin bayan allura ga iyalin da ke cin na yau da yau, duk suna da hannu. Wanda ya san abin da ya faru da allurar shan inna a Kano a 2003 ba zai ga baƙon abu a nan ba. A iyakar yamma kuma akwai 'ya'yan baƙin haure da 'yan gudun hijira daga Miyanma, waɗanda da yawansu ba su da takardar da za ta shigar da su inshora, suna dogaro da wurare irin asibitin Mae Tao da Dakta Cynthia Maung ta kafa a Mae Sot a 1989. Maleriya, wadda ta kusa ƙarewa a sauran ƙasar, a wannan iyaka ta sake ɗagowa bayan juyin mulkin Miyanma na 2021.

A fannin abinci ƙasar tana ɗauke da kaya biyu a lokaci guda. Binciken gidaje na 2022 ya nuna kimanin kashi 13 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kimanin bakwai sun rame, kusan 11 kuma ƙiba ta yi musu yawa. Shayar da nono zalla na wata shida yana kashi 14 a 2019, ya hau zuwa kusan 29 a 2022, kuma ba ya rasa nasaba da uwar da ta koma aiki a birni ta bar jariri da kaka da gwangwanin madara. A 2017 aka yi dokar taƙaita tallan madarar jarirai, aka kuma sa haraji a kan abin sha mai sukari.

Idan kika zo jera alƙaluma a aikinki, ki yi hattara da ƙidayar kai, wato jimillar adadi ba tare da la'akari da yawan yaran ba. Daga 1963 zuwa 1983 Tailan tana haihuwar jarirai sama da miliyan ɗaya a kowace shekara, a 2024 kuwa ba su kai 500,000 ba, kuma tun 2021 masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa yawa. Saboda haka duk wani adadi na yara zai ragu ko da ba a yi komai ba. Ki yi amfani da kaso a kan yawan yaran da ke wannan shekarun. Da wannan ma'auni nutsewa ta sauko daga kimanin 11 zuwa kimanin shida cikin kowane yara 100,000, wanda raguwa ce ta gaske amma ba ta kai yadda ƙidayar kai ke nunawa ba, kuma ki ware 'yan shekara 15 zuwa 19 a jadawali na daban, domin alƙaluman nutsewa na ma'aikatar suna tsayawa ne a shekara 14, daidai inda mutuwar babur ke ƙara tsananta.